Hancin Ortensia

Tun da wata muguwar mura ta kayar da Ortensia, hancinta ya mutu murus. Ko man shanu ne ya ƙone a kasko, sai dai ta ga hayaƙi. Ba wanda ta gaya wa. To, ina ma bakin faɗa? Duk garin Alba da abu ɗaya aka san gidan abincinta: ba ta taɓa sayen farin tartufo mara kyau ba. Wani naman kaza ne mai tsada da ke girma a ƙarƙashin ƙasa, da ƙamshi ake gane mai kyau. Duk ranar da aka ji hancin ya tafi, sunan gidan ma zai bi shi.

Da safiyar Asabar masu karnukan tono tartufo suka buɗe bayan motocinsu a gefen majami'a. Gaudenzio, wani tsoho mai shegen surutu, ya hango ta.

"Ku ba ta hanya, uwar masu hanci ta iso!"

Ya kwance hankici. Tartufo ne guda biyu, kamar dankali, da sauran ƙasa a jikinsu. Nan da nan mutane suka yi cincirindo, har da Fulvio mai gidan abincin da ke kallon nata.

Ta kai na farko hanci. Wayam! Na biyu ma haka. Ta latsa su, duka da tauri. Sai ta ɗaga babban, ta lumshe ido yadda ta saba.

"Wannan. Ƙamshin zuma da tafarnuwa. Sai dai ba kai ka samo ba, karyarka ta fi ka basira."

Aka kwashe da dariya, ban da Gaudenzio. Kallonta kawai yake yi.

Fulvio ya miƙo hannu. "Kawo mu ma mu sansana, uwargida."

Wayyo! Caraf tsohon ya riga shi.

"Kai, cire hannunka! An sayar. Kullum sansane-sansane, ba ka taɓa sayen ko ɓawo ba."

Ya juya musu baya ya ƙulle hankicin, ya raka ta har mota. A nan ta ga ƙaramin ne a ciki.

"Babban ya ruɓe ta ciki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Warinsa ko karyata ta kau da kai. Don tsokana na kawo, in ji kin zage ni. Tun yaushe, Ortensia?"

Ta sunkuyar da kai. Kunya da tsoro suka kama ta.

"Daga yau, wanda na ajiye ta hagu za ki riƙa ɗauka," in ji tsohon.

Da rana ta kankare shi siriri-siriri a kan taliya mai zafi. Mijinta Secondo ya leƙo kicin, ya ja dogon numfashi.

"Kai! Allah ya bar mana hancin nan naki."

Ta tsaya da abin kankarewa a hannu, ta zuba wa fuskarsa ido.

"Gaya mini yadda ƙamshin yake," ta ce.