Yadda Kalla Ya Faɗa

Shekarar da Faransawa suka ɗauki Kalla soja, matarsa Azara ta zauna a Dakoro tana kula da gonar gero. Bayan damina Hamani, wan Kalla, ya dawo daga Damagaram, inda ya kai raƙuma har ya ga Kalla a bariki, ya yi sallama ɗauke da saƙonsa.

"Ya ce yana lahiya," in ji Hamani. "Ya ce za shi zo kahin Sallah, kuma wai hurar bariki ba ta da daɗi."

Azara ta ajiye taɓarya. "Yaya, ba haka maigida yake magana ba. Faɗa mini da bakinshi."

Hamani ya sosa ƙeya. Tun a hanya yake juya kalmomin, yana mai da "ni" ta koma "shi", don kunyar matar ƙanensa. Ya dubi ƙasa, ya kwaikwayi muryar Kalla: "Azara, kullum na sha hurar nan sai na tuna taki, har ƙwalla ta zo mini."

Azara ta yi dariya, ta rufe fuska da mayafi, ta roƙe shi ya maimaita. Hamani ya ƙi, ya fice yana murmushi.