Leda da Kyandir

"Ba zan liƙe su ba, Yallaɓai," in ji Umaima.

Malam Abdulganiyyu, shugaban makarantar, bai ko ɗago kai ba. Ya ci gaba da turo mata kayan a kan tebur da gindin biro: ɗaurin farar leda, kyandir, ashana. Ya sake maimaita umarnin a hankali, kamar mai yi wa 'yar aji ɗaya bayani. Gobe wakilan ƙungiyar tsofaffin ɗalibai za su zo daga Dutse su ga littattafan da suka ba makarantar. Sababbi aka kawo su, kowanne cikin ledarsa, sababbi kuma za a nuna su. Duk wanda ta buɗe ta tattaro shi, ta danne shi da dutsen guga, ta mayar cikin leda, ta liƙe bakin da wutar kyandir.

"Kamar ƙullin gyaɗa a tasha," ta ce.

"Ko kamar mene ne."

"Na ji bayanin tun farko. Ba zan liƙe ba."

Sai a lokacin ya dube ta. A bangon bayansa takardun shaidar karatunsa ne jere cikin gilashi, waɗanda masinja ke gogewa kowace safiya. Ya ce amana aka ba shi. Ranar da aka kawo littattafan ya tsaya gaban jama'a ya yi alkawarin za a kula da su kamar ido.

"Ai ido buɗe shi ake yi, Yallaɓai."

Bai yi dariya ba. Ya jingina da kujera ya soma wata magana da murya mai taushi. Ofishin shiyya sun dame shi da neman malamar kimiyya da za a tura wata makaranta can bayan Kirikasamma, cikin fadama, inda kowa ke gudu. Shi ne yake ta kare ta, saboda ya san ita kaɗai ke kula da mahaifiyarta. Amma kariya tana da iyaka. Ya ce ta je ta yi tunani kafin a tashi.

Ta fito ta bar masa ledarsa da kyandirinsa.

Makullin laburaren makarantar da ke hannunta ma ba nema ta yi ba. An miƙa mata shi ne don babu alawus a ciki, sauran malamai kuwa suna da hancin gane aikin da ba shi da maiƙo. Shekara guda tana buɗe ɗakin a share, ta rufe. Littattafan na cikin kabad mai gilashi suna ƙyalli, ba ta taɓa jin sha'awar taɓa su ba. Rabonta da karanta labari tun tana 'yar sakandare, tana ɓoye shi cikin littafin lissafi. Jami'a ta kashe mata wannan. Can ta koyi haddace takardun da malamai ke sayarwa, ta zazzage su a jarrabawa, ta manta. Ta fito da sakamako mai kyau da kai fayau, kuma kowa ya ce ta yi karatu.

Damina ce ta canza abin. Kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shanye gonakin shinkafa ta wajen Auyo, ya shigo har harabar makarantar. Aka sallami ɗalibai, ita kuma aka ce ta kwashe littattafan ƙasa ta mayar sama. Tana cikin kwasa ɗaya ya suɓuce, ledar ta yage. Ta buɗe don ta ga ko ya jiƙe. Ta karanta layin farko a tsaye, ruwa na lasar idon sawunta. Kiran sallar azahar ne ya dawo da ita, ta tarar tana zaune a kan tebur, ƙafafunta a naɗe, ta manta da ruwan, ta manta da yunwa.

Daga ranar ta riƙa yage leda da gangan. Da aka dawo makaranta ta soma ba 'yan mata aro. Suka mayar da su da lanƙwasasshen baya, da tabon manja, ɗaya har da ƙayar kifi a tsakiya. Ta gaya musu ba laifi, littafi don a buɗe shi aka yi.

A ɗakin malamai labari ya riga ta isa. Malam Nu'uman, mai koyar da Turanci da adabi, wanda ba ya yarda a rubuta sunansa ba tare da jerin haruffan digirinsa ba, ya ajiye waya ya jawo kujera kusa da ita.

"Malama, ke matsalarki ɗaukar abu da zafi. Ki liƙe, baƙi su ɗauki hoto su tafi, jibi ki yage abinki. Wa ya mutu?"

Ta san maganar ba ta rasa hankali ba, shi ya sa ta fi ba ta haushi. Ta ce yaran da suka karanta su za a jera gobe a gaban kabad ɗin su yi waƙar maraba. Za su ga littattafan da suka kwana da su an mayar da su sababbi, su gane cewa karatun da suka yi ɓarna ce da ake ɓoye wa baƙi. Kuma da hannunta za a yi? Sai dai wani ya yi.

"Yara ba sa lura da irin wannan."

"Malam, wane littafi ka gama karantawa na ƙarshe?"

Ya yi murmushin manya. "Mu ai mun wuce wannan matakin. Yanzu nazari muke yi."

Ya koma kan wayarsa, inda wani ke rawa da buhun shinkafa a ka. Sauran suka yi dariya, ba ta san ko da ita ko da mai rawar ba. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaki cike da masu koyar da karatu, kuma in ban da allon sanarwa babu abin da aka karanta a cikinsa tun da aka gina shi.

Da aka kaɗa ƙararrawar tashi ta koma ofishin shugaban. Bai tambaye ta ba, ta ce amsarta tana nan yadda take. Ya miƙo hannu ta sa masa makullin. Ya ɗaga waya a gabanta ya kira ofishin shiyya, ya yi doguwar gaisuwa, ya ce an samu malamar da ake nema. Farkon mako za ta kama aiki.

Ta biya laburare ɗaukar jakarta. Malam Nu'uman na zaune a teburinta, ya naɗe hannun riga, kyandir na ci a gabansa. Yana ninke bakin leda, ya ja shi ta gefen wutar, ya danne da yatsa. Hannunsa ya faɗa da aikin sosai. Ta yi tunanin da tasha aka kai shi tun farko, da ya yi suna.

"Akwai giɓi a layin sama," ya ce, bai dube ta ba. "Yallaɓai ya ce littafin yana wajenki."

Yana cikin jakarta. Labarin wata mata ce da ta bi ayarin masu gishiri tana neman ƙanwarta, kuma shi take karanta wa mahaifiyarta kullum bayan la'asar. Saura kaɗan su gama. Ta san in ta tafi da shi, gobe sunanta ɓarauniya, kuma ba za ta ba su wannan daɗin ba. Ta ciro ta ajiye. Tsinken tsintsiyar da take sa alama da shi yana leƙowa ta sama. Nu'uman ya tura shi ciki da farce, ya zura littafin a leda, ya liƙe.

A gida ta tarar da mahaifiyarta Iya Fanna ta riga ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa, ta miƙe kumburarrun ƙafafunta, ta ajiye mata kwanon abinci a rufe. Tsohuwar ba ta yi boko ba, amma ba ta manta sunan kowa a labarin, kuma takan yi wa mutanen ciki faɗa kamar suna ji.

"Ci da sauri," ta ce. "Jiya mun bar baiwar Allah a bakin rijiya, ta hango mai kama da ƙanwar. Ni na ce ba ita ba ce."

Umaima ta zauna a gefen tabarmar. Ta gaya mata komai, ba ta rage ba: ledar, kyandirin, wayar da aka buga. Iya Fanna ta saurara tana murza carbi. Ba ta ce ta kyauta ba, ba ta ce ta yi wauta ba. Ta tambayi yadda ake zuwa garin.

"Mota zuwa Kirikasamma, sai babur, sai kwalekwale in ruwa bai janye ba. Ba a zuwa a dawo. Sai ƙarshen mako za ki riƙa ganina, maganinki kuma sai na roƙi maƙwabta su riƙa ba ki."

Tsohuwar ta ajiye carbin.

"To ita matar fa? Ta ga ƙanwar?"

"Ban sani ba, Iya. An liƙe ta."