Tabon Sista Asama'u

Abu biyu ake nomawa a ƙasar Zuru, dawa da sojoji. Dawar a ci a gida, sojojin a aika wa gwamnati, in ta gama da su ta maido abin da ya rage. Kofur Japhet na cikin abin da ya rage daga yaƙin Saliyo. Ya dawo Dabai da hannu biyu da ƙafa biyu, don haka kowa ya ce ya dawo lafiya.

Sista Asama'u, wadda ke kula da ɗakin haihuwa, ba ta san shi ba sai ranar da ya kawo matarsa Hannah asibiti, da hantsi, cikin daminar 2001, a bayan a-kori-kura kan buhunan gawayi. Tun shekaranjiya take naƙuda a gida. Ta daina ihu, kuma wannan shirun ne ya tayar wa Sista hankali. Ta ɗaga zanen. Hannun jariri ya riga ya fito, shi kaɗai, ya kumbura ya yi baƙi. Ta kafa mazurarin sauraro a kan cikin, ta riƙe numfashinta. Zuciyar yaron na bugawa, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya.

Ta aika aka kira Dakta Philip, yaro ne da gemunsa bai gama haɗuwa ba. Ya duba sau ɗaya.

"Yaron ya gitta. Sai an yi mata aiki, yanzu-yanzu."

Japhet na tsaye a bakin ƙofa da mahaifinsa, Baba Haggai, tsohon soja tun na yaƙin basasa.

"Wane aiki, likita?"

"Za mu buɗe cikin mu ciro yaron. Ba wani abu ba ne, kullum muna..."

Bai ƙarasa ba. Japhet ya cafki wuyan rigarsa ya haɗa kansa da bango, sau biyu, har fenti ya zubo. Mata masu jego suka kwasa da jariransu. Mai gadi ya shigo a guje da addar da yake sassabe da ita, ya ɗaga ta don ya ba da tsoro. Mutumin da ya yi shekaru yana kwana cikin daji da bindiga ba a ba shi tsoro da addar sassabe. Japhet ya murɗe masa hannu har ƙashin ya yi ƙara, ya karɓe addar, ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin tiyata.

"Kofur!" Baba Haggai ya daka masa tsawa irin ta fareti. "Ajiye makami!"

Japhet ya ture shi da ƙafa. Tsohon ya faɗa kan benci, bencin ya karye.

Asama'u ba ta da lokacin kallo. Ta ɗora Hannah kan gado mai taya ita da wata mai shara, ta nufi ƙofar kai tsaye. A ranta ta ce ba zai sari gadon da matarsa ke kai ba. Bai sari gadon ba. Ƙotar addar ya juyo ya buga mata a baki. Ta ji ƙasa ta taso ta same ta. Da ta tofar, haƙora biyu suka fito tare da jinin.

Tana durƙushe ta ji abin da yake faɗa, don tun ɗazu yana magana, ba wanda ya saurara.

"Na gani da idona a Saliyo. Yara ne, bindiga ta fi su tsawo. Suka tare wata mai ciki, suka yi musu, wannan ya ce namiji ne a cikinta, wancan ya ce mace. Suka buɗe su duba. Ni na same ta a bakin hanya, tana da rai. Na tura kayan cikin da hannuna, na tura, suna dawowa. Ciki in an buɗe shi ba ya rufuwa. Ba wanda zai taɓa Hannah da wuƙa."

Asama'u ta dubi Hannah. Leɓɓanta sun fara fari. Ta dubi mutumin, ta gane cewa cikunnan da ya taɓa gani duk a buɗe ya bar su. Ba wanda ya taɓa nuna masa wanda aka rufe.

Asama'u matar malamin addini ce. Dakta Philip da suke aiki tare ko gashin kanta bai taɓa gani ba. Ta miƙe, ta matsa har addar na iya kai mata, ta ɗage farar rigarta sama, ta sassauta siket ɗin ƙasa da cibiya, a gaban mai gadi da dangin marasa lafiya da duk wanda ya leƙo ta taga.

"Soja, dubi nan. Nan na ce, ba fuskata ba."

Tabo ne mai kauri, daga cibiya ya gangara ƙasa, ya tattare kamar ɗinkin buhu.

"Sau biyu aka buɗe wanga cikin. Yaron da aka ciro na farin yana sakandare, tuwo uku yake ci bai ƙoshi ba. Ka ga hanji? Ka ga jini? An rufe. Ni ce za ni tsaya kanta har a rufe nata. Matsa mini."

Ya zura wa tabon ido. Addar ta sauka a hankali, ta faɗi kan siminti.

Nan take mazan da suka laɓe bayan ginshiƙai suka tuna su ma maza ne. Suka rufe shi da duka, da itace, da ƙafar bencin da ya karye, har sai da ya daina motsi, suka ja shi waje suka ɗaure a gindin mangwaro da igiyar direban a-kori-kura. Asama'u ba ta waiwaya ba. Ta cusa auduga a baki ta tura gadon ciki.

Dakta Philip ya yi aikin da bandeji naɗe a kansa. Mahaifar ta riga ta fashe, jini ya cika cikin. Yaron namiji ne, kuma zuciyarsa ta daina ƙwanƙwasawa. Aka cire mahaifar gaba ɗaya don a tsayar da jinin. Asama'u ta tsaya har aka ɗaure zaren ƙarshe, kamar yadda ta ce.

Abin da ya biyo baya ba wanda ke ba da labarinsa, don babu adda a ciki. Zazzaɓi ya kama Hannah. Ciwon ya yi ruwa, yana wari har masu gadajen kusa suka nemi a canza musu wuri. Asama'u, da baki a kumbure kamar an cusa mata goriba, ita ke matse mugunyar safe da yamma, ta wanke, ta juya ta kada bayanta ya saluɓe. Nono ya kawo wa yaron da ke cikin ƙasa, ya cika ya yi tauri, Hannah na cizon matashi. Asama'u ta kawo zanenta daga gida ta ɗaure mata ƙirjin tam.

A gari kuwa an manta da haƙoran Asama'u, cibiyarta aka riƙe. A kasuwa aka ce nas ta tuɓe wa soja. Maigidanta ya daina cin abincinta, ya kawo mata nassi a kan tsiraici. Ta ce ya kawo mata wanda ya yi magana a kan haƙori, sai su haɗa su karanta.

Da zazzaɓin ya sauka, Hannah ta kama mata hannu.

"Sista, kar ki ɓoye mini. Da bai tare ƙofar ba, yaron zai rayu?"

Asama'u ta so ta yi ƙarya, ta kasa.

"Na ji zuciyarsa da kunnena kafin a fara rigimar. Abin da ya wuce nan, Allah ya sani, ƙanwata."

Hannah ta juya fuska bango. Daga ranar ta rufe bakinta. Asama'u ta kawo kunu, ta kawo romon kaza, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Cokali ya riƙa dawowa yadda ya tafi. Ciwon da ya fara haɗuwa ya tsaya. Matar da aka ƙwato daga adda za ta mutu da yunwa a kan gado mai tsabta.

'Yan sandan da suka tafi da Japhet sun sake shi, don Asama'u ta ce ba ta da lokacin zaman kotu. Kullum yana gindin mangwaron, ba ya shiga, ba ya tafiya. Wata rana da azahar ta fita ta tsaya a kansa.

"Tashi. Matarka na mutuwa, kuma abin da ke cinta naka ne. Ka zo ka karɓa."

Ya biyo ta yana ɗingishi, ya durƙusa a gaban gadon. Hannah ta dube shi. Ta miƙa hannu ta ɗauki tasar ƙarfen da ake zuba almakashi, ta sauke masa a fuska. Ta sake. Hancinsa ya fashe, girarsa ta tsage, bai kare ba. Tana dukansa tana kiran sunan da suka shirya sa wa yaron. Asama'u na tsaye da hannu a ƙirji. Sai da ta ga jini ya ɓullo ta bandejin cikin Hannah sannan ta riƙe ta ta baya.

"Ya isa, ƙanwata. Aikina kike ɓata mini."

Zare uku sun tsinke. Dakta Philip ya sake ɗinkewa yana ƙunƙuni. Da la'asar Hannah ta ce ko akwai sauran kunun.

Ranar da aka sallame ta, dawa ta fara fitar da kai. Wanta ya zo da babur daga Kanya. Japhet ma ya zo da nasa, ya shimfiɗa tsumma a kan kujerar. Asama'u ta rako ta har bakin ƙofa, tana jaddada mata kada ta ɗauki tulu, kada ta yi daka.

Hannah ta tsaya a gaban mijinta. Ta sassauta zanenta, ta nuna masa. Tabon ja ne, ɗanye, amma a haɗe yake daga sama har ƙasa.

"Ka gani? An rufe."

Ya gyaɗa kai.

Ta ɗaura zanen, ta hau bayan babur ɗin wanta a karkace. Asama'u ta gyara mata zama, ta ce wa wan ya bi ramuka a hankali, ta koma ciki, don an kawo wata.