Akwatin da ke ƙirga numfashin Alhaji

Alhaji Zakariyya'u na Barnawa bai taɓa kiran sunan Rukayya ba. 'Yar fari ce, shi kuma mutum ne mai alkunya, don haka shekara talatin tana amsa "ke" da "waccan". Ranar da ta gama digirin injiniya ya yi mata dogon jawabi: "To."

Da asma ta matsa masa, ya ƙi a ɗaura masa wayoyi a ƙirji, wai shi ba janareta ba ne. Sai Rukayya ta haɗa ƙaramin akwati mai na'urar hange ta rada, ta kafa a bangon falo. Daga nesa yake lura da motsin ƙirjinsa, ya nuna adadin numfashinsa a minti ɗaya. Ta jira ko sau ɗaya ya ce ta kyauta. Bai ce ba.

Ranar Asabar tsohon abokin aikinsa, Mista Alexander, ya zo dubiya.

"Alhaji, daga Jamus aka kawo maka wannan?"

"Wace Jamus? Waccan ce da wasanta na wayoyi."

"Rukayya? Da hannunta? Lallai ka haifa."

Alhaji ko gezau bai yi ba. Amma lambar akwatin da ta wuni a sha shida ta haura ashirin da biyar.

"Baba, in kawo maganin shaƙa?" in ji Rukayya.

"Lafiyata lau. Akwatin nan naki ne ba shi da kunya."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi.