Igiyar Kafaɗar Hagu

...uku a gaba, uku a baya, sannan in murɗa. Kar in ɗaga kai. In na ɗaga, Inna, za ki sake tambayata.

"Madam, Ummukulsum ba ta zo ba?"

Shekara hamsin da uku ina jiran sunan nan a bakinki. Ɗiyar fari ce ni, kunya ce, na sani, kowa ya sani. "Ke." "Waccan." "Ku ce ma yarinyar ga ta zo ta ci tuwo." Ƙanwata Fati kuwa Fati ce, a cinya, a baya, a baki. Yanzu da hankalinki ya tafi, kunyar ta bi shi, sai ga sunana sau goma kafin azahar. Kuma ba ni kike kira ba. Ni Madam ce, mai tabarau, wadda ta ɗauko ki daga ƙauyen Kalfu ta ajiye a gidan siminti a garin Tawa.

"Ba ta zuwa," na ce. A natse, yadda nake gaya wa 'yan lakwal, ɗalibaina, sun faɗi jarrabawa. Leɓenki ya yi rawa. Na ji daɗi? Na ji. Gobe ma haka zan ce.

Uku a gaba...

Zaren nan ya girmi 'ya'yana. Ina da shekara goma sha huɗu, a makarantar kwana, wata malama Bafaranshiya ta koya mana saƙa — tsinke biyu, da ɗan ƙarami na uku don murɗa adon igiya. Wata uku ina yi miki rigar sanyi, ruwan toka, igiyoyi biyu daga ƙugu har kafaɗa. A kafaɗar hagu na kuskure, igiyar ta juya baibai. Na yi kuka, lokaci ya ƙure, na kawo ta haka. Kina tankaɗe. Ko hannu ba ki kakkaɓe ba. "A aje can." Shi ke nan. Lokacin ɗari nawa ya wuce, ban taɓa ganinta a jikinki ba. Na ɗauka kin bayar.

Sai watan jiya, muna haɗa kayanki — can ƙasan kwalla, naɗe cikin zane, tana ƙamshin kanumfari. Sabuwa fil. Kafaɗar hagu ce kawai ta yi baƙi, ta yi sulɓi. Datti, na ce.

Ta yi miki yawa, ai gaskiya ne. Kin tsotse, ɗari na tafe, zaren ulu irin wannan babu shi a kasuwa, sai dai in warware ta in sake saƙa miki. Hujjojina a jere suke, kullum a jere suke. Amma me ya sa a gabanki? Me ya sa na jawo kujera har bakin tabarmarki kafin in ja bakin zaren?

"Madam, bari! Ba taki ba ce!"

Na ja. Layi bayan layi tana narkewa a cinyata, kina miƙo hannu ba ki kai ba. Ban ɗaga murya ba. Ban taɓa ɗaga murya ba. Na wanke zaren, na shanya, na dunƙule, kina kallo.

Yau saura hannu ɗaya. Babu kuskure ko ɗaya a ciki, na ƙirga sau biyu. Bari in gwada miki... ɗaga haɓa. Ƙasusuwa kawai. Ya aka yi kika zama haka?

Babban yatsanki ya tafi shi kaɗai. Kafaɗar hagu. Ya hau igiyar, ya sauka, ya sake hawa. Yana nema.

"Kin iya saƙa, Madam. Amma ba ita ba ce. Ta ɗiyata nan ga ta karkace."

Baƙin nan. Sulɓin nan. Shekara talatin da tara na yatsa ɗaya, ƙofa a rufe, ba mai gani...

Na wanke shi da sabulu.

"Ki maido man tata. Kar ta zo ta iske babu."

Zan iya. Layi ashirin ne, in warware, in mai da kuskuren inda yake. Amma a murɗa ta nawa ne? Gaba ta juya ko baya? Ni da na yi shi na manta. Ke kaɗai kika sani, ke kuma...

Inna, ni ce. Kalma uku. Suna nan a maƙogwaro, tsinke na hannuna, kin riga kin juya kina kallon ƙofa.