Giɓin Mai Tantabara

"Buɗe bakin sosai, Baba," in ji likitar haƙori.

Maƙwabcina bai buɗe ba. Yana kishingiɗe a doguwar kujera, fitila a kan fuskarsa, kunci ya kumbura har ido ya soma rufewa. Ta gefen baki ya ce, "Tsaya tukuna, 'yata. In kin cire, zan iya fito?"

Likitar ta dube ni. Na ce, "Tantabaru yake kira da shi. Tsoho da furfura, yana fito kamar ɗan tasha."

Ni ba jinya ta kai ni ba. 'Yarsa ce ta roƙe ni in raka shi. Ni kuwa maƙeri ne, ina son in ga awartakin da ake cire haƙori da shi. Nawa haƙoran duk suna nan. Ba wanda ya taɓa sa mini ƙarfe a baki.

Haƙorin gaba ne, na sama. Tun yana saurayi ya faɗo daga kan rufi garin kamo tsuntsu, gefen haƙorin ya gutsure. Ta wannan 'yar kafa fitonsa ke fita, siriri, mai kaifi. Duk yamma sai ya tsaya a tsakar gida ya yi, tantabaru su zubo kamar an tsinke musu igiya. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na sha gaya masa abin ba na manya ba ne. Sai ya ce, "Maƙeri, kai da ka kurmantar da unguwa da guduma?"

Haƙorin ya yi baƙi, ya ruɓe. Ya ƙi zuwa asibiti, yana ta fama da ruwan gishiri, har shan ruwa ya gagare shi.

Likitar ta ce, "Fiton zai canza, ba zan ɓoye maka ba. Amma ruɓar ta kai ƙashi, ga ciwon suga. Da tuni ya kamata ka zo."

"To in tantabarun ba su gane ni ba fa?"

Ni ma tambayar ta tsaya mini a rai. Mutumin suka sani, ko ƙarar?

Ya buɗe baki. Ta yi masa allura a dasashi, ta jira leɓen ya mutu. Na matso. Awartakin ƙarami ne, baki a lanƙwashe, ƙira mai kyau, ba ko tabon guduma. Ba fizga ta yi ba. Girgizawa ta riƙa yi a hankali, yadda ake zare tsohuwar ƙusa daga katako. Sai ga shi a faranti. Saiwar ta fi abin da ake gani tsawo.

Na ce, "Ɗan abin nan ne ya kwantar da ƙato?"

Ya ciji auduga, ya miƙa hannu. Ta naɗe masa haƙorin a takarda, ya sa a aljihu.

Da kumburin ya ɗan saɓe, na taka benci da yamma na leƙa ta katanga. Ya tsaya inda ya saba, ya haɗa leɓe. Iska kawai. Ya toshe giɓin da yatsa. Iska. Har haƙorin ya ciro daga aljihu ya kara a gurbinsa, ya hura. Tantabaru na ta kewaye a sama. Ba wadda ta sauko sai da duhu ya kore su akurki.

"Dariya kake yi, Maƙeri?"

"Kallo nake."

"Gwada mini mana. Ga haƙora cike da baki ba aikin yi."

"Ba na fito."

Daga nan zazzaɓi ya kama shi. Aka kwantar da shi a asibiti, aka sallamo shi da jakar magani. Ya rame, ya daina gwadawa. 'Yarsa takan fitar masa da kujera tsakar gida, ya zauna da gwangwanin hatsi a cinya.

Wata yamma na shiga gaishe shi. Yana zaune shiru, baki a rufe. Wata farar tantabara mai ɗigon baƙi a wuya ta sauko kan katanga, ta karkata kai ta dube shi. Sai ta dira a gwiwarsa. Sauran suka biyo, wasu a kafaɗa, wasu a ƙafa.

Na ce, "Hatsin suka hango."

Muryarsa can ƙasa. "Leƙa gwangwanin."

Na leƙa. Babu ko ƙwaya.

Ya yi murmushi, giɓin a waje.

Washegari da safe 'yarsa ta ƙwanƙwasa ƙofata. "Babana ya cika." Muka kai shi makwancinsa. Da mutane suka watse ta ce, "Baba, ka taimaka mini da tsuntsayen nan. Ni ban iya da su ba."

Da yamma na shiga. Na cika gwangwani, na kaɗa, na watsa. Suna jere a kan rufi suna kallona. Na waiga, ba kowa a tsakar gida. Na haɗa leɓe na hura. Fito ya fita, mai kyau ma. Ba wadda ta motsa.

Kujerar na nan inda aka bar ta. Farar ta sauko, ta wuce hatsin, ta sauka a hannun kujerar. Ta gyara fiffike ta zauna, fuskarta wajen ƙofar ɗakinsa.