Katifar da Aka Jingina a Bola

A layinsu Tsaf-tsaf ake ce mata, don ko marfin ƙofa sai ta bi shi da tsumma. Shi ya sa da ta ga ƙuraje a jere a damtsen autarta, ta ce sauro ne. Sai da ta yaye zanin gado ta bi ɗinkin katifar da yatsa, ta ga ɗigo-ɗigon baƙi kamar an yarfa tawada, ga ɓawon ƙwari, ga wasu jajaye suna shigewa lungu. Kuɗin cizo, kuma a gidanta!

Ta tafasa zannuwa, ta janye gado daga bango, ta toshe tsagar katako, sannan ta kira mai feshi daga wata unguwa don kada a gane shi. Ya duba katifar ya ce ta gama yawo.

"Anti, in za ki yar, ki yayyaga ta da wuƙa tukuna, kar wani ya ɗauka."

Yagaggiyar katifa a bakin layi? Ai shela ce. Ta sa mijinta ya jingina ta a bola lafiya lau, kamar wadda aka gaji da ita kawai.

Ba a yi awa biyu ba mai wankin layin ta zo ta ɗauke. Mijin mai wankin ya rasu ya bar ta da yara huɗu a ɗaki ɗaya. Nan suke kwana, nan take guga, kuma a kan shimfiɗarsu take jera kayan mutane a ninke. Tsaf-tsaf tana kallo ta taga lokacin da matar ta ɗora katifar a ka, bakinta har kunne. Kalma uku ta isa Tsaf-tsaf ta gargaɗe ta. Ta saki labule ta koma kicin.

Wata biyu tsakani, wani direba ya tsinci ƙwaro a wuyan rigarsa gogaggiya. Sai matar tela, sai mai shago. Kowa ya janye wankinsa. Mata suka yi ta cewa dama talauci da ƙazanta tare suke tafiya, Tsaf-tsaf na zaune a cikinsu tana gyaɗa kai. Abin yana cinta, ba ƙarya, amma kunya ta fi ƙarfinta, kuma kullum da safe sai ta ce gobe za ta faɗa.

Ran nan mai wankin ta kawo mata kaya, ta rame, wuyanta duk tabon susa.

"Yaya, ke kaɗai kika rage mini. Wallahi na rasa inda na kwaso bala'in nan. Na zargi tabarma, na zargi kayan mutane. Katifar nan ce kaɗai ban ko duba ba, don na ga maigidanki ne ya fito da ita. Na ce abin da ya fito daga ɗakin Tsaf-tsaf ba ya buƙatar dubawa."

Tsaf-tsaf ta buɗe baki. Idonta ya faɗa kan ƙunshin kayan, ta tuna damtsen autarta, ta tuna matan layi.

"Ajiye a nan waje," in ji ta. "Daga yau ma zan riƙa yi da kaina."

Matar ta sunkuya ta ajiye a hankali, nesa da bakin ƙofa.

"Ba komai, Yaya. Ni ma da ni ce, haka zan yi."